Hannun da Hulusi Ya Miƙa

Hulusi ɗan Nazmi mai cuku, tun yana yaro ake kwarara masa man zaitun a ka, don haka ake shiga kokawa a wajenmu, har furfura ta fara leƙo masa bai daina sheƙi ba. A ƙauyukanmu na gefen Edirne babu bikin da za a buga ganga a busa algaita ba a kira shi ba. Ya ci kyautar raguna, ya ci ta maruƙa, akwai shekarar da ya dawo da firji a bayan motar alkama alhali ba a kawo wa layinsu lantarki ba. Matarsa Sabahat ta riƙa jera barguna a ciki.

Kokawar mai hawa-hawa ce. Yaro yana farawa daga ƙasa, in ya yi abin kirki a babban taron shekara sai dattawan fili su ɗaga shi mataki guda, da haka har ya isa sahun ƙarshe, waɗanda ake kira kawuna. Hulusi ya hau duk matakan da gudu, ya zo na ƙarƙashin kawuna, ya tsaya cak. Nan ya tsufa. Duk saurayin da zai zama kai sai ya bi ta kansa ya wuce, shi ya sa 'yan shagon shayi suka laƙaba masa suna Ƙofa.

"Ƙofa, bana wa za ka buɗe wa?"

Sai ya yi dariya ya biya kuɗin shayin mai tsokanar. Amma in ya dawo gida tuwon bulgur ɗin ma, na ɓarzajjiyar alkama, ba ya shiga.

Ba ɗamarar zinariya ta zakaran kawuna yake nema ba, ya san ƙarfinsa. 'Yan ƙananan matakai a dunƙule sanƙira yake sallamarsu cikin fili kamar garken tumaki. Kawuna kuwa ɗaya bayan ɗaya ake kiransu, da sunan mutum, da na ubansa, da na garinsu, ganguna su yi shiru har a gama kirarin. Abin da Hulusi yake so ke nan, ko da sau ɗaya ne. Ga shi gwiwarsa ta hagu ta fara kumbura kamar kabewa, likita ya ce bana ce ta ƙarshe in yana son tafiya da ƙafarsa zuwa masallaci.

Yana da almajirin kokawa, Zekai, wanda ya girma yana ɗaukar masa kwandon wandon fatar da ake kokawa da shi. Zekai ya zama ƙato mai wuyan bijimi, ga mata da tsohon ciki, ga wata hukumar gari ta yi masa alkawarin aiki in ya shiga kawuna. A shekarar nan ya iso matakin maigidansa. Al'adar fili kuwa kowa ya san ta: in ƙuri'a ta haɗa mutum da wanda ya koya masa, ba ya kama shi. Durƙusawa yake ya sumbaci hannunsa ya bar masa wasan. Sai fa in babban ya ɓoye hannun, ya dafa bayan yaron ya ce masa ya wuce.

Hulusi ya sha cika baki a shagon shayi cewa in hakan ta faru, hannunsa a bayansa zai kwana. Sabahat ta ji labari ta ce Allah dai ya sa kada a gwada shi, don ta fi kowa sanin mijinta.

Aka gwada shi. Ranar taron ya kayar da mutum bayan mutum, kamar gwiwar ta san ranar sallama ce ta yi masa kara. Saura wasa guda, wanda duk ya ci ya hau kawuna. Ya tura hannu cikin jakar ƙuri'a ya zaro lamba, Zekai ya zaro irinta.

Kafin a kira su ya ɗingisa zuwa bakin shinge wajen Sabahat, wai ruwa zai sha. Ta miƙa masa gora ta ce:

"Kai wannan mutum, matar yaron nan wata guda ya rage mata ta haihu."

"Na sani."

"To tunda ka sani, sha ruwanka."

Suka shiga ciyawa, mai yana ɗiga daga gemunsu. Zekai ya tako a hankali ya sa gwiwa a ƙasa, ya kira shi da sunan da almajiri ke kiran malaminsa.

"Usta, kawo hannun."

Hulusi ya kai hannun bayansa, kowa ya gani. Ya tsaya yana kallon ƙeyar yaron, sannan ya ɗaga kai ya dubi rumfar sanƙira. Yaron yana da shekaru a gabansa, haka ya gaya wa kansa, shi kuwa yau kaɗai gare shi. Hannun ya zagayo gaba. Zekai ya sumbace shi ya ɗora a goshi, ya miƙe ya rungumi maigidansa, ya fita bai waiwaya ba. Rabin fili suka tafa, rabi suka yi fiton raini.

Babu wanda zai ce ya karya doka, haƙƙinsa ya karɓa. Amma uwar Zekai ta daina amsa gaisuwar Sabahat a bakin tanda, aikin hukumar aka ba wani, Zekai ya koma dakon buhunan alkama da jariri a gida. 'Yan shagon shayi suka daina cewa Ƙofa, suka koma "Barka da zuwa, Hulusi," da ladabi, kuma wannan ya fi yi masa zafi. Masu zaginsa da yawa ko ɗan akuya ba su taɓa kayarwa ba, kuma da su ne da hannu biyu za su miƙa.

Duk hunturun nan Hulusi bai huta ba. Kullum da safe yana bakin ƙofar Zekai, ya ja shi rumbun ciyawa ya koya masa kamun da ya ɓoye wa kowa, har wanda ya tanada don kansa. Ya kai musu saniyar tatsa ya ce wai gidansa babu wuri. Zekai ya karɓa ya yi godiya. Bai taɓa tayar da zancen ba, Hulusi ma bai taɓa ba shi haƙuri ba. Zekai bai hau a shekarar da ta biyo ba, sai a ta bayanta, kuma har yau in sun haɗu yana sumbatar hannun, sai dai ba ya zama shan shayi.

Da taron da ya biyo bayan hunturun nan ya zagayo, likita ya hana, Hulusi ya ɗaure gwiwa da ƙyalle ya shiga sahun kawuna. Ganguna suka yi shiru. Sanƙira ya kama hannunsa ya ɗaga, ya kira Hulusi ɗan Nazmi, ya kira ƙauyenmu, ya ce ga dutsen da kawunan yau duka suka wasa ƙarfinsu a jikinsa. Daga nan wani saurayi ɗan garin Antalya ya sunkuce shi ya juya cibiyarsa sama, wato ya kayar da shi ke nan, tun mai bai gama gangaro masa daga kafaɗa ba.

Mutum biyu suka tallafo shi zuwa bakin shinge. Sabahat ta dube shi sama da ƙasa ta ce to, ga shi an kira, ya ya ji?

Ya daɗe yana goge ido da tsumman mai kafin ya amsa.

"Sun faɗi sunan Baba daidai."