Gurbi Ɗaya a Filin Aliero

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato aka raba ma'aikata, kowa ya koma jiharsa, ni ma na ɗauko raket ɗina na dawo Jega. Na daɗe ina buga wa tsohuwar jiha tanis, da shi nake ci da shi nake sha, amma kafaɗata ta dama ta fara ba ni wahala. Duk lokacin da na ɗaga hannu zan yi bugun farko sai in ji kamar an soka mini tsinke. Ban gaya wa kowa ba.

Aka ba ni aikin koyar da wasan a wani filin siminti da ke bayan wata makaranta a Aliero. Simintin ya tsattsage, kuma da kakar albasa sai mun roƙi manoma su janye buhunansu kafin mu ɗaura raga. Na karɓi aikin na ce musu na wucin gadi ne, ina jiran in warke, don a raina har yanzu ni ɗan wasa ne.

Cikin ɗalibaina akwai wani dogon saurayi bahago, ɗan wani mahauci daga Maiyama, da yake biyo motar kaya ya zo. Ba shi da yawan magana. Hannunsa akwai ƙarfi, sai dai ƙwallon da ta faɗo kusa da raga takan kubce masa.

Wata rana jami'in wasanni ya zo daga Birnin Kebbi ya ce mutum ɗaya za a tura gasar ƙasa, kuma ba zai zaɓa da ka ba, sai an kara tsakanina da bahagon nan. Yana faɗi yana kallona. Na ce na yarda.

Bayan la'asar muka shiga. 'Yan albasa da direbobi suka kewaye filin, yawancinsu ba su san yadda ake lissafin wasan ba, sun dai ji malami zai kara da ɗalibinsa. Mahaifin saurayin yana tsaye a gefe, hannu a baya. Na yi ta sauke masa ƙwallo kusa da raga har na cinye zagayen farko. A na biyu na ɗaga hannu, zafin ya tsarga mini har wuya, ƙwallon ta faɗa raga. Na sake, ta sake faɗawa.

Daga nan na ga bugunsa ya canza. Ƙwallo ta riƙa zuwa mini a sanyaye, daidai inda nake tsaye. Mutane suna tafa mini, ni kuwa kunya ta rufe ni. Na ɗaga hannu aka tsaya, na kira shi bakin raga.

"Me kake yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Malam, kafaɗarka."

"Ka ga na ce ta dame ni? In ka sake ba ni ƙwallo sadaka, kada ka ƙara taka filin nan."

Ya koma layinsa a hankali, ya daɗe yana buga ƙwallon a ƙasa. Da ya sake ta ban ma gan ta ba, ƙararta kawai na ji a bangon makaranta. Na yi iya ƙoƙarina, na bi kowace ƙwallo har gwiwata ta kurje, amma kafin kiran magariba ya gama da ni. Ba wanda ya tafa. Ya zo ya durƙusa a gabana, na ɗaga shi da hannun hagu, don na dama ya ƙi tashi.

Mahaifinsa ya matso ya tambaye ni ko yaron ya yi rashin kunya ne. Na ce a'a, aikinsa ya yi. Jami'in ya ce ni zan raka shi gasar a matsayin koci, wannan karon ban ce na wucin gadi ne ba.

Washegari mai ɗakina ta gasa mini kafaɗar da ruwan zafi, na hau mota zuwa Aliero. Na cika bokiti da ƙwallaye, na tsaya a bakin raga ina jefa wa yara da hagu.