Kibwana da Matarsa Mai Rediyon Tasha

Kibwana Mcha a kan ruwa ya girma. Mahaifinsa masunci ne a Tanga, shi kuwa da ya samu kwalekwale mai inji sai ya koma jigilar fasinja da buhunan kwakwa zuwa ƙauyukan tsallake. Mutum ne mai sanyin hali, sai dai akwai kishi.

Matarsa Mwanajuma a hasumiyar tashar jiragen ruwa take aiki. Ita ke magana da manyan jirage ta rediyo, ta ce wannan ya shigo, wancan ya dakata. Tun da aka ce masu ƙananan jirage su ma su riƙe rediyo, hankalin Kibwana bai sake kwanciya ba. Kullum yana jin baƙin matuƙa jirage suna yi mata godiya da tattausar murya, ita ma tana musu fatan sauka lafiya. Shi kuwa in ya matso hanyar manyan jirage, abin da yake samu kawai: "Ƙaramin jirgi mai shuɗin fenti, kauce daga hanya. Na gama."

A majalisar gahawa abokai suka samu na yi. "Mai shuɗin fenti, yau ma an gama da kai?"

Ya koma gida ya ce, "Maman Zuhura, wancan Bagirken mai tuƙa babban jirgi har barka da asuba kike masa, ni ko sunana ba kya kira."

Ta ce, "Baban Zuhura, aiki ne fa. Jirginsa ba ya tsayawa nan take. Kai ne mai iya kaucewa."

Wata Talata da hantsi, jirgin dakon siminti na shigowa, Kibwana ya rage gudu a tsakiyar hanya, ga fasinja cike. Mwanajuma ta kira mai shuɗin fenti, ya ƙi kaucewa. Jirgin ya yi ta busa ƙahon gargaɗi. Sai muryarta ta fashe a layin rediyo na goma sha shida, wanda duk jirage ke saurare, kowa na ji: "Kibwana! Don girman Allah, fita!"

Ya murɗa inji ya tsallake da ƙyar. Igiyar ruwan da jirgin ya tayar ta jiƙa fasinja sharkaf, wata tsohuwa ta rasa kajinta.

Mwanajuma da kanta ta kai ƙararsa, aka karɓe lasisinsa na wasu watanni.

Bai koma ruwa ba. Ya sayar da kwalekwalen, ya buɗe shagon gyaran inji daura da ƙofar tashar, inda yake ganin mai shiga da mai fita. Har yau suna tare. Shi ke kai mata abincin rana, kuma ba ya saukowa sai ta cinye.