Igiyar Inna Ta Je Gombe Auna Tarakta

Ana idar da sallar asuba Yaya ya tada mota muka kama hanyar Gombe, ina gefensa rungume da jaka, cikin jakar kuma igiya ce a nannaɗe. Bari in fara ba ku labarin igiyar, don ita ta yi mana jagora.

Gonarmu ta gado da ke bayan Bauchi ba wata babba ba ce, amma itatuwan ɗorawa ne a warwatse cikinta. Tun kafin a haife mu Inna, mahaifiyarmu, take daddawa da kalwarsu, da ita ta yi mana ɗinkin makaranta. Shanun huɗa sun gagare mu ciyarwa, masu taraktar haya kuma ba sa waiwayar ƙaramar gona sai sun gama da manya. Bara maƙwabta na noman farko mu muna shuka. Abin ya ƙona wa Yaya rai, ya ce bana sai ya sayi tasa ko tsohuwa ce. Sai wani direba mai dogon baki ya ce ai sai an rage itatuwan kafin tarakta ta sake a gonar, kuma a kunnen Inna.

Ba ta yi musu da kowa ba. Ta je gona ta auna tsakanin ɗorawa biyun da suka fi kusa da juna, ta yanko igiya daidai wurin, ta ƙulle bakinta biyu, ta miƙo mini.

"Ke nake ba wa, don yayanki in ya ga ƙarfe hankalinsa tafiya yake. Duk wadda ta fi igiyar nan faɗi, ku bar musu abarsu."

Hanya dai kun san ta, wani wuri sumul, wani wuri sai ka riƙe haƙoranka. A gadar Dindima mata suka yanyame mu da soyayyen kifi. Na taya, na ji farashi, na tambayi mai kifin ko da jirgin sama aka kamo shi. Ta yi dariya ta ƙara mini yaji, kifin kuwa bai ƙaru ba. Daga Alkaleri har muka gangara cikin Gombe, Yaya bai yi zancen komai ba sai ƙarfin inji. Garin ya burge ni, tituna a share, 'yan keke suna bin layi, kuma ko mai fura ka tsaya wa sai ta haɗa maka gaisuwar Fulatanci da ta Hausa ta ba ka kyauta.

A unguwar Dawaki muka karya wajen wata 'yar'uwar Inna, wadda ta haɗa mu da mutum biyun da za mu gani. Ta farko wata malamar makaranta ce a unguwar Malam Inna, tana da ƙaramar tarakta ta zamani, da kanta take tuƙa abarta. Muka same ta a wani ɗan fili bayan unguwa, ta ɗaure gyale a ƙugu tana gyaran ƙasa. Kai, na ga abin sha'awa. Taraktar shuɗiya ce, tsayinta bai wuce kafaɗata ba, da hannu ɗaya malamar ke murɗa sitiyari, ta je ƙarshen kunya ta juyo kamar mai keken ɗinki ta kai bakin zani. Haron da ke bayanta juyawa yake yana dagargaza ƙasar sama kawai, ba ya nutsawa can ciki. Mai kuwa kurɓa take yi, ba sha ba.

Malamar ba ta ɓoye mana aibin abarta ba, tana magana tana cakuɗa Turanci irin na 'yan birni. Ta ce in ƙasa laka ce mai tauri sai an bi sau biyu, ba ta jan kaya mai nauyi, kuma in wata 'yar waya ta ƙone a ciki bakaniken bakin titi kallonta kawai zai yi, sai an aika Kano. Na zaro igiya na auna, taraktar ta shige har da ragowar da za a ɗaure akuya. Yaya ya taɓe baki ya ce wannan ai keken yara ne, in ya shiga ƙauye da ita dariya za a yi masa. Na ce masa ai bara ma an yi mana dariyar, kuma ba mu da ko keken.

Daga nan muka nufi Gabukka, can bakin gari, gidan wani dattijo mutumin Kaltungo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Gwiwa ta hana shi noma, 'ya'yansa suka matsa ya sayar da tsohuwar taraktarsa. Tun daga nesa muka hango ta a kan wani gangare, ja ce a da, yanzu rana ta mayar da ita kalar tukunya. Dattijon, wanda muka kira Baba, ya ce ta girmi babban ɗansa, kuma a gangaren take kwana saboda ba ruwanta da batir. Ya sa Yaya ya hau, ya cire dutsen da ya tare taya, ta gangara, Yaya ya saki kuloci, sai ta yi tari biyu ta kama ruri har ƙasa na rawa a tafin ƙafata.

Gaskiya ni ma ta shiga raina. Babu roba a jikinta, ƙarfe ne zalla. Kujerar ta ci, matar gidan, Mama, ta ɗinka mata matashi da ragowar atamfa. Baba ya ce babu bakaniken da bai san cikinta ba, kayan gyaranta ko a kasuwar ƙauye ana samu. Ta yi huɗa, ta ja tirelar masara, ta juya injin sussuka, ta kai matan zumunta biki ƙauye, ta ɗauko wa maƙwabtansa ragunan layya. Sai dai sitiyarinta sai namiji ya ci tuwo, gas kuma ba ta yi masa da wasa. Yaya ya sauko fuskarsa kamar an ba shi amarya.

Na fito da igiya. Yaya ya riƙe ƙulli ɗaya a tayar baya, na ja ɗayan zuwa wancan gefe. Ta shige, da ragowar kamar tafin hannu. Yaya ya yi kabbara ya ce magana ta ƙare, Inna da bakinta ta kafa sharaɗi kuma an cika.

Baba yana tsaye yana kallonmu, sai ya tambaye ni, "'Yata, wannan igiyar ta mece ce?"

Na ba shi labarin Inna da ɗorawarta. Ya dubi ƙofar kicin inda Mama ke tsaye, sannan ya ce mu biyo shi. A filin bayan gidan akwai wata ƙatuwar ɗorawa a tsaye, babu ganye ko ɗaya, ɓawonta na zubewa. Ya ce shekara da shekaru yana wucewa ta gefenta bai taɓa ko gogar jikinta ba, amma faifan garma nutsawa yake, kowace damina yana datse saiwa kaɗan kaɗan, nauyin taraktar kuma yana danne ƙasar gindin. Bai ankara ba sai da ta fara bushewa daga sama.

"Igiyar mamanku ta auna abin da ke sama, ɗana. Na ƙasa ba ta gan shi ba."

Daga bakin kicin Mama ta ce ita yanzu a kasuwa take sayen daddawa, ta juya ta shige ciki. Yadda ta faɗe shi, na san an daɗe ana wannan shari'ar a gidan.

Mutum ya samu mai saye a hannu, da kuɗinsa a mota, ya kai shi bayan gida ya nuna masa dalilin da zai fasa. Baba ya ce taraktarsa ta fili ce fetal, mai irin wannan gona zai zo, shi ba ya sauri. Yaya ya daɗe yana kallon itacen, ya koma ya shafa murfin injin, sannan ya yi wa Baba godiya har da rusunawa. A mota, da muka fito titi, ya ce in nuna masa kwanar Malam Inna, zai tambayi malamar nan inda ta sayi keken yaranta. Na so in tsokane shi, na ga idonsa, na haƙura.

Mun iso gida rana na shirin faɗuwa, muka tarar da Inna a bakin rijiya tana fama da guga, ashe daga igiyar gugar ta yanko. Ba ta bari mun zauna ba ta ce, "Ta shige?"

Yaya ya ce, "Babbar ma ta shige, Inna. Amma mun bar musu abarsu."

Ta dube shi, ta dube ni, ba ta tambayi dalili ba. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne duka biyun gwanaye ne, tsohuwar ta babban fili ce, ƙaramar ta irin gonarmu, kuma kafin ka auna tarakta ka fara tambayar wa ke ci daga gonar. Inna ta karɓi igiyarta ta kwance ƙullin, ta ɗaura ta a jikin gugar, ta zura. Ruwan da ta fara jawowa, Yaya ta miƙa wa.