Wadda Ta Riƙe Igiyar Jaki

Jikata Rukayya, wadda ta bi mijinta karatu wani gari da ake kira Melbon, can kudancin duniya, ta kira ni a jawwal, wato wayar hannu, da hantsi.

"Sitti, gobe sama za ta yi ja. Za mu je bakin teku mu gani."

Na ce, "Wa ya gaya miki abin da sama za ta yi gobe?"

Ta ce wai akwai masu lura da rana da na'ura. In rana ta yi tofi sai su lissafa, bayan kwana biyu ko uku tofin ya iso, sama ta kama haske ta gefen kudu. Amma sai an bar fitilun gari, an je inda babu kowa, an tsaya cikin duhu. Mijinta yana aikin dare, maƙwabta ne za su ɗauke ta a mota.

Na ce ban yarda ba, na kashe jawwal. Domin wannan magana na san ta tun ban fara azumi ba.

A unguwar Tandabawi ta Makka muke lokacin. Bayan isha'i kakata Inna Kulu takan hau da mu saman gida, ta hura gawayi, ta ɗora butar shahi. Da ƙafa ta zo Makka daga ƙasar Kano tana yarinya, shekaru suna hanya. In ta gyara zama sai ta ce, "Wannan ba tatsuniya ba ce, amma ku ce ta zo, bakina ya saba." Mu ce ta zo.

Ayarinsu ya sauka bakin wata rijiya a ƙasar Sudan. Sai ga wani baƙo mai farin rawani da taushin murya. Ya ce nan da kwana uku sama za ta kama wuta ba hayaƙi, duk wanda ya gani hajjinsa karɓaɓɓe ne. Sharaɗi ɗaya: a kashe duk wata wuta, a hau tudu, a juya wa zango baya. Daren fari ba a ga komai ba, na biyu ma haka. Na uku kowa ya hau, har marasa lafiya aka tallabo. Inna Kulu kaɗai ta ƙi.

"Mutumin nan," in ji ta, "bakinsa yana sama, idonsa yana kan jakuna."

Ta naɗe igiyar jakinsu a hannu, ta shige ƙarƙashin cikinsa, ta kifa kai a cinya. Da jama'a suka sauko, babu baƙo, babu jakuna sai na su Inna Kulu. Waɗansu suka koma gida, waɗansu suka zauna tsinkar auduga, ba su taɓa ganin Ka'aba ba. Jakin nan shi ya ɗauko mahaifiyarta har bakin teku.

Inna Kulu takan ce, "Da na saki igiya, da ba a haife ku a Makka ba. In aka ce ku dubi sama, ku fara duban hannun mai nunawa. Na sauke, wanda ya ɗauka nasa ne."

Ni kuwa na ɗauka. Shekara da shekaru ina sayar da lalle da turare a Misfala cikin cunkoson alhazai, ba wanda ya taɓa nuna mini wani abu da yatsa ban dafe jakata ba.

Amma ranar da Rukayya ta kira, na zauna da abin har magariba, sai wani guntu ya dawo mini. Sau ɗaya na taɓa tambaya, "Inna, to wutar ta zo?"

Ta daɗe tana tona gawayi. Ta ce, "Ta zo. Ɓarawon ma bai san za ta zo ba."

"Wane irin ja ne?"

"Ni na sani? Kaina yana cinya. Babana ya gani. Ya rasa jakin ƙaninsa a daren, amma har ya bar duniya yana neman yadda zai kwatanta mini." Ta rufe butar, ta ce mu sauka, sanyi ya yi.

Washegari na kira yarinyar. Na sa ta haɗa ni da mijinta, na ji yardarsa da kunnena. Na sa ta haɗa ni da matar maƙwabcin, ba ta jin yarena, ba na jin nata, amma na ga fuskarta. Na ce, "Ki je. Makullin gidanki a hannu, ba a jaka ba."

Daren fari hadari ya rufe su. Na biyu suka sha sanyi a banza. Na ce, "Ai ga shi nan." Ta ce, "Sitti, masu lissafin ma cewa suka yi wataƙila." Wannan ya ɗan kwantar mini da rai. Baƙon rijiya bai ce wataƙila ba.

Na uku, darensu la'asar ɗinmu ce, sai ga hoto: sama jawur da kore, kamar an zubar da rini. Na kira ta.

"Wannan idonki ne ya gani, ko jawwal?"

Ta yi dariya. "Jawwal ya fi ido gani, Sitti. Ni abin da na gani kamar hayaƙi ne ya miƙe tsaye, yana motsi, da ɗan ja a samansa. Kamar garwashin da toka ta rufe."

"Wannan na yarda da shi. Makullin fa?"

"Yana hannuna. Har ya yi mini sawu a tafin hannu."

Har yau ban saki jiki da masu faɗin gobe ba, gobe ta Allah ce. Hoton ma na sa an goge. Amma shekara sittin ina zaton labarin jaki Inna Kulu take ba mu, ashe ta fi tuna abin da ya wuce ta saman kanta. Bayan isha'i na sa aka hura mini gawayi, na bar toka ta rufe shi, na zauna ina kallo. Na ce, ga irin jan nan, Inna. Yarinyar ta gani, kuma ba ta saki igiya ba.