Ranar da 'Yata Ta Nemi Addu'ar Wani

Ana gobe jarrabawarta, 'yata ta saki hannuna a ƙofar coci, ta ruga wajen wani dattijo ɗan Gadaka mai koyar da yara. Ta durƙusa ta ce, "Kaka, yi mini addu'a." Ya ɗora hannu a kanta, ni kuwa ina tsaye kishi na cina. Ni ne fa ubanta.

Muna kan babur na tambaye ta me ya hana ta zuwa wajena.

Ta ce, "Baba, ai kai addu'ar abinci kawai kake yi."

Washegari na riƙe hannunta na yi mata addu'a. Ban fasa ba tun ranar, amma sai da na daɗe kafin na iya gaida dattijon da zuciya ɗaya.