Shirun Da Na Yanke Daga Muryar Baba

Shekarun baya, wata uku da rasuwar mahaifina, mahaifiyata ta kira ni daga Gashua. Lokacin ina Nguru da ɗan shagona na kwamfuta, ina tura wa mutane karatu da waƙoƙi a memori. Ta ce, "Kai wannan," don ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, "an ce muryar Malam tana cikin wayarka. Ka zuba min a tawa."

Saƙonnin murya ne guda bakwai da ya turo min a daminarsa ta ƙarshe, yawanci faɗa a kan gonar shinkafar da na ƙi zuwa dubawa. Na ce, "Inna, ai aikin minti biyar ne." Wannan baki nawa, Allah ya shirye shi.

Wayarta ƙarama ce mai madannai, mp3 kaɗai take ɗauka, saƙonnin kuwa wani nau'in fayil ne daban, wai shi opus. Don wayo sai na canja musu wutsiyar suna kawai daga opus zuwa mp3, na hau mota har Gashua. Waya ta ƙi. Inna ta dube ni ta ce, "Minti biyar ɗin ke nan?"

Na koma Nguru wajen abokina da ya fi ni sanin harkar. Ya nuna min ffmpeg, manhajar da ba ta da wajen dannawa, sai baƙin allo da za ka rubuta umarni. Kowane zaɓi da karan-ɗori a gabansa: -i don fayil ɗin da za a juya, wani don nauyinsa, wani don saurin ɗaukar sauti. Ka tsallake tazara ɗaya, ta zubo maka jan rubutu kamar ka zagi ubanta. Wuni guda na yi ina tsaki kafin mp3 ya fito. Na sake hawa mota. Wannan karon waya ta buɗe, amma murya tana sarƙewa, kalma ɗaya a ji, biyu su ɓace. Haba! Ji na yi kamar in jefa memorin a kogi.

Abokina ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Kai dai ka cika son mota. Me ya hana ka ari irin wayarta a nan ka gwada?" Wallahi ban taɓa tunanin haka ba. Ya sa na ƙara -ar 44100 da -ac 1, muka gwada a wayar mai shayin ƙofar shagona, irin ta Inna, ta karanta tsaf.

Da na tsaya a nan da shi ke nan. Amma kaina ya riga ya kumbura. Na ga akwai zaɓin rage hayaniya, akwai na yanke shiru, duk na lafta. Murya ta fito fes, babu iska, babu kukan awaki. Har zan goge na asali, abokina ya riƙe min hannu ya ce kar in kuskura. Na bar su ina gunaguni.

Tafiya ta uku, Inna ta kara waya a kunne, ta saurari bakwai ɗin duka. Ta ce, "Ba shi ba ne."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, don Allah, in ba shi ba wane ne? Sau uku fa ina zarya!"

Ta ce, "Malam ba ya magana a guje kamar mai labarai a rediyo. Kuma ina wajen da ya yi shiru? Ranar ina kusa."

Na buɗe kwamfuta a kan tabarmarta, na share duk ƙarin da na yi, na sake juyawa daga na asali. A saƙo na biyar, yana cikin faɗa sai ya tsaya. Can nesa, ƙasa-ƙasa, aka ji muryar Inna: "Malam, kununka zai huce." Ya ɗan yi dariya ya ce, "To, gani nan." Abin da na kira shiru na yanke ke nan.

Ta sa na maimaita mata wajen sau huɗu. Ba ta yi kuka ba, ni ne na tashi na fita zaure.

Har yau in na tuna zaryar nan haushin kaina nake ji. Amma tun daga ranar, duk wanda ya kawo min muryar wani nasa ya ce in gyara, ba na goge na asali, kuma kafin in rubuta umarni ko ɗaya sai na tambaye shi ko akwai wani a bayan mai maganar.