Tsohon da na yi wa tayi a Masar

Jama'a, na san an san ni da ƙarin gishiri, ko a majalisarmu ta Gyadi-Gyadi in na ce na ga kura sai su ce mage ce, amma wannan karon wallahi tallahi ko ƙwaya ban barbaɗa ba.

Shekarar da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula, na raka yayana, Yaya Habu, ƙasar Masar aikin ido. Lokacin ina da tumbi, irin wanda yake riga ni shiga ɗaki ya gama gaisawa kafin in iso. Da likita ya sallame mu sai muka ware yini guda na yawo, muka hau raƙumi, muka ga dalar duwatsun nan tasu, daga nan sai gidan tarihi inda suke ajiye gawarwakin mutanen zamanin da a cikin gilashi.

Nan na ga wani tsoho a kwance, ya bushe kamar kilishi, baki a hangame. Ga yunwa tana cina, ga bakina ba ya shiru, kuma kun san Bakano ba ya tafiya cin abinci bai yi tayi ba. Sai na ƙwanƙwasa gilashin na ce, "Baba, ka kwana biyu ba ka sa komai a ciki ba. Bismillah, taso mu je."

Yaya ya ce, "Kai dai bakin nan naka wata rana sai ya ja mana."

Muka shiga wani gidan abinci a bakin kogi muka ce a kawo tattabaru da shinkafa. Mai kawo abincin ya jera faranti uku. Yaya, da yake yana jin Larabci, ya ce masa ai mu biyu ne. Mutumin ya dubi gefena ya ce, "To dattijon fa? Tare kuka shigo, shi ya ja kujerarsa." Na waiwaya, innalillahi, kujerar kuwa a jaye take, ba kowa a kai.

Na yi dariyar yaƙe, na cinye nawa, na haɗa da na ukun. Kamar na zuba a rijiya.

Tun daga ranar ban ƙara sanin ƙoshi ba. Mun dawo Kano, maiɗakina ta sauya babbar tukunya, in tashi da tuwon gida guda amma cikina yana kuka, tumbin nan ya zube har wandunana suka daina zama. Likitoci suka auna ni sama da ƙasa suka ce lafiyata ƙalau. Na je wurin wani malami a Daurawa, ya saurare ni tsaf ya ce, "Shi ya biyo ka, ko kai ka kira shi?"

Na ce, "Ni na kira shi, Malam, amma da wasa."

Ya ce, "To ni ban san yadda ake korar wanda aka gayyata ba. Sai dai ka jira ya ƙoshi."

Har yau jira nake. Makon jiya ma na tsaya sayen tsire a Tarauni, mai naman ya ƙara min tsinke ɗaya ya ce, "Wannan na Baba ne, na ga tun ɗazu yake haɗiyar yawu." Ban waiwaya ba.

Don Allah in kun je ƙasar mutane ku ci abincinku ku yi shiru. Tayi hali ne mai kyau, amma ku fara tabbatarwa mutumin yana numfashi.